Ɗan'uwa, ni ma kashi na biyun nake ciki

Ɗan'uwa, ka ce ka kalli kashi na biyu na fim ɗin nan, jarumin ya yi furfura, aikin da ya cinye ƙuruciyarsa ya fita daga ransa, sai ka ji kamar da kai ake, har kana tambaya ko ka tattara ka koma gida. Wallahi sai da na ajiye wayar na yi shiru.

Shekara 16 ina tuƙa iyalin mutum ɗaya a nan Jidda. Yarinyar da nake kaiwa makaranta tana gyangyaɗi a kujerar baya, ita ce ta karɓi lasisi bayan an ba matan Saudiyya damar tuƙi a 2018. Ni na koya mata ribas. Da aka sallame ni ban ga laifinta ba, uban ne. Ko zauna bai ce mini ba. A bakin get ya miƙo hannu ya ce mukulli. Ina ta fama in cire shi daga zoben da na ɗakina yake, farcena har ya tsage, shi kuwa yana danna waya. Mutumin da na sha kai mahaifiyarsa asibiti da tsakar dare! Albashina na wata biyu har yau yana wuyansa, na bar shi da Allah.

Ina cikin wannan kuma rusau ya ci unguwar Karantina, majalisarmu ta watse, abokin shan shayi ma ya gagara.

Kada ka yanke shawara da daddare, bare bayan kallo. Shi jarumi awa biyu ne an sa masa kiɗa an tashi, kai kuwa igama, takardar izinin zamanka, na jiran sabuntawa. Duba sana'ar da aka rubuta maka a jikinta tukuna, don sassaucin 2021 na canjin kafili, wato ubangidan da ke ɗauke da nauyin zamanka, bai haɗa da direbobin gida ba, ni a nan na sha wuya kafin in samu shagon da nake ɗaukar kaya yanzu. Gida kuma, kowa tsaraba yake jira. Ko Keke Napep ɗaya ce ka fara ajiyewa, amma ba a hannun dangi ba, wannan wani labarin ne.

Ka gaya wa maiɗakinka. Ni wata uku na ɓoye wa tawa, ashe ta gane tun satin farko, daga muryata a waya.

In kana Jidda ka yi mini magana ta gefe, ranar Juma'a bayan la'asar ba ni da aiki.