Amsar tambayarki, daga Gadarif a gabashin Sudan

Ƙanwata ta Gwammaja, kin tambaye ni wai wane darasi mu Hausawan Sudan muka ɗauka daga yaƙin nan, kuma ya muke yi da haƙuri. Zan gaya miki yadda muke a nan, amma dan Allah ki daina yi wa mutanenmu da suka gudo Kano wannan tambayar, tana musu nauyi wallahi.

Mu fa ba jiya muka zo ƙasar nan ba, kakanninmu wasu hanyar hajji ce ta ajiye su, wasu kuma bayan yaƙin Burmi na 1903 suka biyo ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har aka kafa garin Mai Wurno. A 2022 an kashe mana mutane a rikicin wajen Damazin, a Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, da aka ci birnin Madani a Disambar shekarar sai ga jama'a suna ta kwararowa nan har makarantu suka cika da 'yan gudun hijira.

In an yi wa mutum rashi a wajenmu, hannu ake ɗagawa a karanta Fatiha tare sai a samu waje a zauna, shikenan. Maƙwabta ne ke turo tire da kisra da shayi, maza su zagaya da takarda kowa ya ba da abinda zai iya a rubuta, yanzu kuma ga takaya, girkin unguwa kenan, a dafa ful ko adas a babbar tukunya duk wanda ya miƙo kwano a zuba masa ba a tambayar ko ɗan wace ƙabila ce.

Amma ba mai tsare matar da ta baro gidanta da kabarin ɗanta ya ce ta nemo hikimar da ke ciki. Mun yarda da ƙaddara ɗari bisa ɗari, sai dai Allah bai ɗora wa bawa sanin dalili ba. Annabi Yakubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, Manzon Allah SAW ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, da Ja'afar ya yi shahada kuwa cewa ya yi a yi wa iyalansa abinci. To mu su waye da za mu sa mutum a gaba sai ya ce musiba ta ƙara masa imani?

Abinda ya fi ƙona min rai shi ne masu cewa zunubanmu ne suka jawo, na ji ana faɗa a wajenku, wasu ma a gaban wanda abin ya shafa suke faɗi.

In za ki je gaishe da mutanenmu da suka gudo Kano ki tafi da abinci, ki tambayi kuɗin haya da makarantar yara, kuma in Hausarsu ta haɗu da Larabci ki hana yara yi musu dariya.