Tsofaffin littattafan komik a cikin dila: a tara ko a sayar?

Wani mai sayar da littattafan gwanjo a Kano ya aiko da tambaya. Ya ce yana yawan samun littattafan komik na Amurka, masu ba da labari cikin zane, a dilolin da yake kwancewa. Ya ji an sayar da wani guda ɗaya dala miliyan 6, shi ne yake son ya ware naira dubu 500 daga jarinsa ya riƙa tara su har su yi tsada.

Malam, labarin da ka ji gaskiya ne. A watan Afrilun 2024 kamfanin gwanjo na Heritage ya sayar da Action Comics lamba 1 a wannan kuɗi. Bugun 1938 ne, a cikinsa Superman ya fara fitowa, kuma santi 10, wato kashi ɗaya cikin goma na dala, aka sayar da shi a lokacin. Abin da ya sa shi tsada shi ne yara sun karanta sun yar, an kuma tattara tsofaffin takardu da yawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an sake sarrafa su, sai kaɗan suka tsira.

Na cikin dilarka yawanci ba haka suke ba. A farkon shekarun 1990 mutanen Amurka sun yi irin tunanin da kake yi yanzu, kowa ya saya ya adana, kamfanoni kuwa suka buga ba ƙaƙƙautawa. X-Men lamba 1 na 1991 an sayar da fiye da kwafi miliyan 8. Kasuwar ta rushe, kamfanin Marvel da ya buga shi kansa ya shiga fatara a ƙarshen 1996. Yau irin waɗannan 'yan daloli kaɗan ake tayawa, ko da sabbi ne fil. Saboda haka kada ka ɗaure dubu 500 a kayan da za su yi maka kwantai. Tunda littattafan suna zuwa maka a farashin dila, aikinka tacewa ne, ba saye ba.

Fara da farashin da ke bango. Santi 10 yana nuna kafin 1962, santi 12 daga nan zuwa wajen 1969, sai 15, 20 da 25 zuwa tsakiyar shekarun 1970. Duk wanda ka ga haka, ware shi gefe. Sannan buɗe shafin farko ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa: nan shekara da lamba suke, nan ne kuma ake faɗa idan bugu na biyu ne. A nan mutane ke ƙonewa, domin kamfanonin suna sake buga shahararrun lambobi da bango iri ɗaya sak. Tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi. Masu saye suna neman lambar da wani jarumi ya fara bayyana, kamar Incredible Hulk lamba 181 na 1974.

Sai lafiyar littafin, wadda ita ce rabin ciniki. Kamfanin CGC na jihar Florida yana ba da maki daga 0.5 zuwa 10, ya rufe littafin cikin roba mai tauri, kuma tsakanin maki 4 da maki 9 farashi kan ninka sau da yawa. Ƙirga shafuka, yawanci 32 ne ban da bango. Duba tsakiya ko takarda ta fita daga wayar ɗinki, ko wayar ta yi tsatsa ta ɓata takarda. Wancan Incredible Hulk na 1974 akwai wani tambari a ciki da yara kan yanke da almakashi, in babu shi daraja ta faɗi warwas. Kuma don Allah kada ka yi gyara. Salatif, gam, cike launi da biro, datse gefe da reza, duk masu dubawa suna ganewa, sai su manna alamar an taɓa shi, farashi ya sauka.

Ajiya a ƙasarmu ita ce babbar matsala. Takardar jarida ce mai arha: zafin rumfar kwano yana mayar da ita ruwan ƙasa ta riƙa karyewa, danshin damina yana kawo fumfuna, gara kuma ba ta sallama. Kowane littafi a sa shi cikin leda irin ta Mylar da kwali marar asid a bayansa, a jera su a tsaye cikin akwati, a ɗora a kan kanta nesa da ƙasa da bango da hasken rana.

Kafin ka sa farashi, shiga eBay, dandalin saye da sayarwa na intanet, ka duba waɗanda aka riga aka sayar, ba abin da masu kaya ke nema ba. Cire la'adar dandalin, wadda ta haura kashi 10 cikin 100, cire kuɗin aikawa waje, ka kuma tabbatar da hanyar da kuɗin za su iso hannunka tun kafin ka tura kaya. Kai littafi CGC yana cin kuɗin dubawa da na jigila zuwa da dawowa, don haka sai wanda kake ganin zai haura dala ɗari biyu ko uku. Sa hannun mai zane da ba shi da shaida, kada ka ƙara ko sisi a kansa.

Ni da zan zaɓa maka, na gida zan ce ka sa wa ido: Ikebe Super da Wale Adenuga ya fara a 1976, da Powerman da aka buga don kasuwar Najeriya a tsakiyar shekarun 1970. Ba a adana su da yawa ba, sai dai masu nemansu ƙalilan ne, galibi masu bincike da ɗakunan karatu, don haka sai da haƙuri. Ragowar na 1990 zuwa yau kuwa, ɗaura su biyar-biyar ka sayar wa ɗalibai da iyayen yara, kuɗinka su juya.