Wa'adi Ya Cika, Me Ya Hana A Saki Ɗana?

Hajiya, saƙonki daga Shara Mansur ta Makka ya iso, Allah Ya kawo mafita. Kin ce an ɗaure ɗanki shekara 2 kan kuɗin wani mai shago, wa'adi ya cika, afuwar da sarki kan yi da azumi ma ta wuce, yana nan a sijin, wato gidan yari, kuma kina ganin an tauye masa haƙƙi. Daga bayaninki, ina jin ba haka ba ne, ko da yake sakkin hukunci, wato takardar hukuncin kotu, ne zai raba gardama.

A Saudiyya laifi irin wannan haƙƙi biyu ne a kansa. Akwai hakkul am, na hukuma, wanda zaman gidan yari ke saukewa. Akwai hakkul has, na wanda aka cuta, shi kuwa ba ya faɗuwa don an yi zaman kaso. Afuwar sarki galibi na farkon take shafa, shi ma da sharuɗɗa. Hukuma ba ta yafe kuɗin wani a madadinsa. Sassaucin haddar Alƙur'ani, da sakin mai ɗa'a bayan ya yi kashi 3 cikin 4 na wa'adi, duk alfarma ce da ake dubawa, ba abin da za ki ɗauka tilas ba.

Ɗaukaka ƙara kwana 30 ne, ina zaton wannan ƙofa ta rufe tuni. A duba Najiz, shafin intanet na ma'aikatar shari'a, a ga abin da ya rage a kansa.

Shawarata sulhu. Kin ce mai shagon ya daina ɗaga wayarku. Gaskiya tsawaita zaman yaron ba zai dawo masa da ko riyal ɗaya ba, amma doka na gefensa, don haka a bi shi a hankali. Ku sami dattijo ko limamin da yake jin nauyi, a roƙi rangwame ko biya kaɗan-kaɗan. Kada ki miƙa kuɗi a bakin masallaci bisa amana. A rubuta tanazul, wato takardar yafe haƙƙi, a tabbatar da shi a kotu ko ta Taradhi, shafin sulhu na ma'aikatar shari'a. In babu halin biya, ana iya neman shaidar i'isar, wato rashin hali, sai dai kotu kan tsananta bincike idan bashin daga laifi ya taso.

Ki kuma shirya zuciyarki: haihuwa a Makka ba ta ba da ɗan ƙasanci. Idan hukuncin ya haɗa da kora, daga sijin sai tarhil, wato wurin tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu, wataƙila na Shumaisi, tsakanin Makka da Jidda. Ki tara fasfo ɗinsa da iƙama, wato katin izinin zama, wuri ɗaya, ki tuntuɓi ofishin jakadancin ƙasarku a Jidda tun yanzu.