Dogarai Ne ko Barade? Amsa kan Mayaƙan Sarki Kanut

Wata malamar tarihi ta rubuto daga Zariya tana tambaya: mayaƙan nan da ake kira huskarl, masu tsaron sarakunan Danmak, Norwe da Ingila, daidai ne ta ce wa ɗalibanta dogarai ne?

Malama, kin yi kusa, amma ni ba zan ce dogarai ba. Kalmar daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai ta fito: hus shi ne gida, karl kuma namiji ɗa, wato wanda ba bawa ba. Asalinta baran gida take nufi, mai yi wa maigida aikin ƙarfi. Daga baya ta yi daraja, ta zama sunan zaratan da ke ci da sha a gidan sarki suna karɓar albashi. A Ingila sun yi suna ne bayan Kanut, ɗan sarkin Danmak, ya ci ƙasar a 1016.

Ta wani gefen aikinsu ya yi kama da na dogari. A 1041 Sarki Hardakanut, ɗan Kanut, ya tura su karɓar haraji a garin Wusta da ke Ingila, mutanen gari suka kashe biyu, sarki ya sa aka ƙone garin. Sai dai dogaran fadojinmu na da, da yawansu bayin sarki ne, waɗannan kuwa 'ya'ya ne, wasunsu har ƙasa aka ba su. Wannan bambancin ba ƙarami ba ne, kuma ba na son a ɓoye wa yara shi.

Ni barade na zaɓa, domin barde fagen fama aka san shi da shi. Abin lura ɗaya ne: barde da doki yake yaƙi, su kuwa sai su hau zuwa fage, su sauka, su jera garkuwa, su ɗauki gatari mai doguwar ƙota da hannu biyu. Haka suka tsaya tare da Sarki Harol na Ingila a yaƙin Hestins ran 14 ga Oktoba 1066, ranar da aka kashe shi.

Kada a yi musu karin maganar nan ta kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ita tilas take nunawa, su kuwa rantsuwa suka yi da yardar kansu.

Ki ce baraden fada, sannan ki yi wa ɗaliban bayanin dokin.