Kirsimeti a Tsakiyar Zafi: Amsa ga Yayata da ke Zariya

Yaya, barka da war haka. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidan da yara da su Inna. Saƙonki ya iso, na kuma gane damuwa ce ta sa kika yi tambayar. Kin ce kin ga hoton yara da gajerun wanduna suna watsa wa juna ruwa kusa da bishiyar Kirsimeti, rana na dukan kai, sannan da watanni suka ja kika ga wani hoton mun sa jajayen huluna muna biki a watan Yuli, har kika ce anya ba wata sabuwar koyarwa muka bi ba. Ki kwantar da hankalinki. Ranar 25 ga Disamba muke tuna haihuwar Mai Ceto, kamar yadda aka rene mu a Wusasa. Abin da ya sauya shi ne ƙasar da muke takawa, wato Ostireliya.

Ostireliya tana kudu da layin da ya raba duniya gida biyu. Duniya a karkace take wajen zagaya rana, karkatar da ta kai kusan digiri 23 da rabi, saboda haka a Disamba ɓangaren kudu ne yake fuskantar rana sosai, na arewa kuwa ya kauce mata. Lokacin da ku kuke fama da hazo da kaushin ƙafa, kuna shafa man kaɗanya kuna jin ɗumi da asuba, mu nan Melbourne bazara ce ta kankama. Ranar da ta fi kowace tsawo a shekara tana faɗowa ne 21 ko 22 ga Disamba, kwana uku ko huɗu kafin bikin. Rana ba ta faɗuwa sai wajen tara saura kwata na dare. Wata shekarar a sami yanayi mai daɗi, wata shekarar zafi ya doshi digiri 40, iska mai zafi ta busa daga arewa har ganyen lambu ya yi laushi kafin azahar. Makarantu ma a lokacin suke babban hutunsu, daga wajen tsakiyar Disamba har ƙarshen Janairu.

Turawan Birtaniya da suka sauka a Sydney a 1788 sun zo da Kirsimetinsu na ƙasar sanyi: gasasshen nama daga tanda, abinci mai nauyi, hotunan dusar ƙanƙara. Jikokinsu sun daɗe suna zufa a kicin don kada su saɓa wa abin da suka gada, har sannu a hankali yanayi ya rinjaye su. Yau gidaje da yawa jatan lande mai sanyi suke ci da salak da mangwaro, a waje ƙarƙashin inuwa ko a bakin teku. Babbar kasuwar kifi ta Sydney takan buɗe awa 36 a jere kafin Kirsimeti don mutane su samu su yi sayayya. A nan Melbourne kuma tun 1938 ake taruwa a fili a daren jajibiri, kowa da kyandir a hannu, ana rera waƙoƙin haihuwar Almasihu, abin da sanyin Ingila ba zai bari a yi cikin daɗin rai ba. Washegarin Kirsimeti, 26 ga wata, dubban mutane ke cika babban filin wasan kurket na garin. Duk da haka katunan gaisuwa da adon shaguna har yanzu da dusar ƙanƙara suke zuwa, kuma za ki ga mutum cikin jar riga mai kauri da farin gemu yana ɗaukar hoto da yara a kanti, zufa na tsiyaya masa.

To mu da muka zo daga gida, namu ya zama na uku: ba na Ingila ba, ba kuma na 'yan ƙasa tsantsa ba. Da safe sujada. Idan muka shiga majami'a ƙarfe goma na safe, a wajenku sha biyun dare ne ya buga, domin a Disamba muna gaba da ku da awa goma. Shi ya sa nake kiranki muna tashi daga cin abinci ke kuwa ko wanka ba ki yi ba. Bayan sujada sai a haɗu a gidan wanda yake da fili a bayan gida, ko kuma a lambun shaƙatawa na unguwa, inda hukuma ta girka murhunan gashi na lantarki, kyauta ga kowa. Al'adar mutanen nan ita ce duk wanda aka gayyata ya zo da kwanon abincinsa a haɗa, kuma ta zo daidai da halinmu, domin ba mu da yawa, babu matar da za ta iya ciyar da taro ita kaɗai. Wata ta kawo dafa-duka, wata masa, wata cincin cike da bokiti, maza su kama gashi.

Wanda bai taɓa karɓar baƙi a wannan zafin ba, ba zai san wahalarsa ba. Ƙullun masa idan kika kwaɓa da dare kamar yadda muke yi a gida cikin hunturu, kafin gari ya waye ya kumbura ya zubo, ya yi tsamin da ba ya gyaruwa, don haka sai dai ki tashi da asuba ki kwaɓa, ko ki bar shi ya ɗan tashi ki tura firji. Shinkafa da miyar nama ba a barinsu a kan tebur su wuni. Ana fito da su, a ci, a mayar. Zoɓo nakan dafa shi tun jajibiri da citta da kanumfari, in zuba a robobi su daskare, su ne kuma ƙanƙarar da za ta sanyaya sauran abin sha a cikin kula. Ga ƙudaje, ƙanana masu naci, waɗanda ke bin ido da baki, sai an rufe kowane kwano da raga. Zafin ranar ƙasar nan kuma bai san baƙar fata ba. Yara sai da hula da man kariya daga rana, a makarantunsu ma yaron da bai zo da hula ba a lokacin zafi a inuwa yake zama, ba ya fita wasa.

Babban abin da nake gargaɗin duk sabon zuwa a kai shi ne wuta. Bazarar nan lokacin gobarar daji ce. Idan hukumar kashe gobara ta ayyana rana a matsayin ranar haramcin kunna wuta gaba ɗaya, to ba ki da damar hura gawayi ko itace a waje, ko da a cikin gidanki ne, kuma hukuncin mai tsanani ne. Murhun gas ko na lantarki ne kawai aka yarda da shi, shi ma da sharuɗɗa. Mazanmu sukan ji zafin wannan, domin tsire da balangu ba sa yin ɗanɗanonsu sai da hayaƙin gawayi. Amma duk wanda ya ga bazarar 2019 zuwa 2020 ba zai yi musu ba. Sama da mutum 30 wuta ta kashe, dubban gidaje suka ƙone, a garin Mallacoota mutane suka gudu bakin teku a jajibirin sabuwar shekara sama ta yi ja, mu ma a cikin birni hayaƙi ya rufe mu a watan Janairu. Tun daga nan duk mai shirya taro sai ya duba sanarwar gobara kafin ya sayi gawayi.

Naman kuwa daga mahautan Musulmi muke saye, a titin Sydney Road ko unguwar Footscray da ke nan Melbourne, kuma ba ma kawo naman alade ko giya wurin. Dalili shi ne rabin masu zuwa Musulmi ne, 'yan Kano da Jos da Yola da suka zo karatu ko aiki. A gida kin san yadda ake aiken yara da kwanuka gidajen maƙwabta ranar Kirsimeti, su ma su aiko ranar Sallah. A nan babu maƙwabcin da za ki aika wa kwano ya gane nufinki, sai muka mayar da aiken kwano ya zama gayyata. Su zo namu, mu je nasu. Kilishin gida da kike cewa za ki ba mai zuwa ya taho mini da shi, don Allah kada ki yi, dokar shigo da nama a filin jirgi ba ta da sassauci, ƙwacewa za a yi, idan kuma mutum bai bayyana ba a ci shi tara. Gero a shagunan Indiyawa muke samu, zoɓo da kuɓewa busasshiya a shagunan 'yan Afirka.

Yanzu batun Yuli, wanda na san shi ya fi tsaya miki a rai. A Yuli ne sanyi yake tsakiyarsa a nan. Da rana da ƙyar a wuce digiri 14, ga yayyafi, biyar da 'yan mintuna duhu ya shiga. 'Yan ƙasar da ke marmarin Kirsimeti irin na kakanninsu sai suka ɗauki wannan wata suna yin liyafa da talotalo da abinci mai zafi a gefen murhu. An fi danganta farkon abin da tsaunukan Blue Mountains, yamma da Sydney, inda otal-otal suka fara shirya shi wajen 1980, yanzu kuwa ya bazu ko'ina. Ba ranar hutu ba ce, babu majami'ar da ta sa shi a kalandarta, kowa ya zaɓi Asabar ɗin da ta yi masa. A Amurka ma ana yin irinsa a Yuli, sai dai su a tsakiyar zafinsu yake faɗowa.

Mu abin da ya ja mu gare shi daban ne. A Disamba ba ma cika. Masu hali sun tafi gida, tafiyar da ta fi kwana guda a jirgi kuma kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo a lokacin. Da yawanmu ma'aikatan jinya ne ko masu kula da tsofaffi, asibiti kuwa bai san ranar biki ba. A Yuli kowa yana gari, kuma a lokacin ne kewar gida take kama mutum sosai, musamman ɗaliban da suka sauka a tsakiyar shekara, ba su san kowa ba, ga sanyi ga duhu. Na sha ganin yarinya ta shigo zauren da muka kama haya a takure cikin rigar sanyi, a miƙa mata kofin kunun gyaɗa mai zafi, ta ji ana Hausa ta ko'ina, sai hawaye. Kuma gaskiya, Yaya, jikina a Yuli yake tuna Kirsimeti. Ni da sanyi na san shi, da tururin farfesu da safe, da sabon ɗinki a ƙarƙashin suwaita. Tuwon shinkafa da miyar taushe da ba mai iya ci a zafin Disamba, a Yuli ake sa musu hannu har a suɗe kwano.

Ba kowa ne a cikinmu ya yarda da shi ba. Akwai wani dattijo, mutumin Filato, da ba ya zuwa, ya ce ɗaukar sunan ranar haihuwar Ubangiji a liƙa wa cin abinci raini ne. Ina ganin girmansa, kuma maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, domin yawancin abin da ake yi a gari a Yuli ciniki ne kawai, shaguna da gidajen abinci na neman kasuwa a watan da ba a sayayya. Amsar da nake ba shi ita ce Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar ba. Matiyu da Luka sun ba da labarin haihuwar, ba su ambaci wata ko rana ba, kuma shaida mafi tsufa ta yin bikin a 25 ga Disamba daga Roma ta fito, a shekara ta 336. Maƙwabtanmu Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar da ke nan garin sai 7 ga Janairu suke nasu, ba wanda ya ce sun bar bangaskiya. Duk da haka ban ga dalilin wasa da abin da ikilisiya ta tsayar ba, shi ya sa muka ja iyaka. A Yuli babu sujadar Kirsimeti, babu wasan kwaikwayon makiyaya da mala'iku, ba a ba yara kyauta. Addu'a a kan abinci, waƙoƙin yabo biyu ko uku da Hausa don yaran da aka haifa a nan su ji su a bakin iyayensu, sai ci da hira har dare. Huluna da 'yar bishiyar da kika gani yara ne suka nace, muka bar musu.

Bana matan sun yanke shawarar cewa kuɗin da aka tara a taron Yuli za a raba biyu, rabi a saya wa sababbin ɗalibai barguna da rigunan sanyi, rabi a aiko gida kafin Disamba don a ɗinka wa marayun unguwarmu kayan Kirsimeti. Ke nake so ki riƙe wannan ɓangaren, ki nemi matan zumunta biyu ku rubuta sunayen yaran da shekarunsu, ki turo mini kafin ƙarshen Oktoba don tela ya samu lokaci. Ki gaida Inna da kyau, ki ce mata zan kira ranar Lahadi bayan kun taso daga sujada.