Hancin karena ya koɗe, an ce lupus ne

Tambaya: Likita, ina da karen gadi irin na Jamus. Hancinsa da yake baƙi wuluk ya fara koɗewa, yana ɓawo, wani lokaci har da jini. Wani ya ce mini lupus ne. Mece ce wannan cuta, kuma yarana za su iya ɗauka?

Amsa: Malam, ka kwantar da hankalinka game da yara. Lupus ba ta yaɗuwa, ko ga mutum ko ga wani kare. Garkuwar jikin karen ce ta rikice, ta koma yaƙar naman jikinsa maimakon ƙwayoyin cuta.

Iri biyu aka fi sani. Abin da ka bayyana ya fi kama da na fata, wanda ya fi yawa kuma ya fi sauƙi. Ka duba hancin da kyau: na lafiyayyen kare yana da 'yan gurza-gurza, amma idan wannan cuta ta kama shi sai ya yi sumul, baƙin ya koma toka-toka ko ja-ja, sannan ɓawo da miki su biyo baya. Karen Jamus na cikin jinsunan da ta fi kamawa, tare da jinsunan da ake kira koli (collie) da haski (husky). Rana ce ke ƙara rura ta, don haka karen da aka ɗaure tsakar gida tun hantsi har la'asar ba zai samu sauƙi ba, ko wane magani aka shafa masa. Ka yi masa rumfa tun yau.

Na biyun, wanda ke ratsa jiki duka, bai cika faruwa ba, amma yana kisa. Kare zai riƙa ɗingishi, yau wannan ƙafa gobe waccan, ga zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, dasashi ya yi fari saboda ƙarancin jini, ƙoda kuma ta fara zubar da furotin cikin fitsari.

A nan nake jan kunne. Cutar da kaska ke sa wa karnuka tana kawo kusan waɗannan alamu, kuma a wajenmu ita ce ta fi yawa nesa ba kusa ba. Maganin lupus danne garkuwar jiki yake yi. Idan ka ba karen da ƙwayar cuta ke cinsa wannan magani, ka ƙara masa ciwo. Hancin ma ƙwayoyin bakteriya na iya mai da shi haka. Saboda haka likitan dabbobi zai gwada jini da fitsari, ya yanki ɗan ƙaramin fatar hanci a duba a ɗakin gwaji. Idan babu kayan aiki kusa da kai, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri.

Cutar ba ta warkewa kwata-kwata, lallaɓa ta ake yi. Na fata yakan lafa da inuwa da man shafawa irin su takrolimus, wani lokaci a haɗa da doksisaikilin da wani nau'in bitamin B3. Na jiki duka sai an sa firednisolon, wanda zai sa karen yawan shan ruwa da fitsari da ci, kuma ba a yanke shi farat ɗaya, a hankali likita ke rage shi.

Baƙin mai da wasu ke shafa wa miki, don Allah ka bar shi. Kare lashewa zai yi. Kada kuma ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane kamar ibufurofen ko diklofenak, suna huda masa ciki, balle a haɗa su da firednisolon.