Ya gama maganin tamowa ya sake ramewa, me zan saya masa?

Tambaya: Assalamu alaikum. An sallami ɗana mai wata 18 bayan ya sha maganin tamowa, wato abincin gyaɗar nan na leda da ake bayarwa a asibiti, ga shi ya fara ramewa kuma. Na sayar da kajina biyu. In sayo maganin tamowar da nake gani a kasuwa ne, ko madarar gwangwani, ko maganin ƙiba a kemis? Daga wata uwa a karkarar Jahun.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kafin ki kashe ko sisi, mayar da shi asibiti a sake auna kaurin damtsensa. Idan bai kai santimita 11.5 ba, ko ƙafafunsa sun kumbura, magani zai koma sha, kuma kyauta ake bayarwa. Na kasuwar nan rabon wani yaro ne aka karkatar. Maganin ƙiba kuwa ki yi nesa da shi, don wasu 'yan kemis wani magani mai suna dexamethasone suke miƙowa, yaro ya kumbura a ce ya murje, alhali garkuwar jikinsa ce take raguwa. Madarar gwangwani ba ta daɗewa take ƙarewa, in har yanzu nono na nan ki ci gaba da ba shi.

Da ni ce, waken suya da gyaɗa zan saya. A soya su sama-sama, a haɗa da geron gida a niƙa, a dama masa kunu mai kauri, ba tsararo ba, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa a kwanonsa shi kaɗai. Yaron da ke cin kwano ɗaya da yayyensa hannunsa ba ya kai nasu sauri. Ga zogale a bayan gida. Nan gaba kuma kar ki sayar da kaza mai ƙwai, ƙwan ya fi kuɗin amfani a gare shi.

Abin da ya rage ki sayi sabulu. Sau da yawa ba rashin abinci kaɗai ke mayar da yaro baya ba, gudawa ce da zazzaɓi. Ya warke a asibiti, ya dawo ga ruwan rijiyar da ya sa shi zawo tun farko. Ki tafasa ruwan shansa, ki ajiye ORS (haɗin gishiri da sukari) da zinc saboda gudawa, ya kwana a gidan sauro, musamman da damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Tambaya: In an ba ƙaramarmu maganin tamowa, yayyenta kuka suke yi. Laifi ne in an ɗanɗana musu? Daga wani magidanci a yankin Gaya.

Amsa: Malam, na san ba son rai ba ne, babu ce. Amma leda ɗaya kalori (ma'aunin ƙarfin abinci) 500 ce, kuma ita kaɗai aka lissafa wa na mako. Duk abin da aka gutsura, jinyarta ce ta ƙara tsawo, kuɗin motarku na zuwa asibiti ya ƙaru. A fara ba yayyen kununsu, sannan uwar ta keɓe da ita ta ba ta nata da ruwa mai tsabta.